Ƙanena zai koma Khartum, mai gida ya ce sai kuɗin hayar shekara: me ya kamata mu duba?

Abu Hanan

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san Sudan, da waɗanda suka san yadda zaman baƙo yake a ƙasar da siyasarta ta dagule. Ƙanena yana cikin ɗaliban Najeriya da aka kwaso daga Khartum da yaƙi ya ɓarke a 2023, saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya kammala. Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025 yake matsa mana mu bar shi ya koma ya ƙarasa. Shi da abokansa uku sun samo gida ta hannun dillali. Kuɗin ya yi ƙasa sosai da na kafin yaƙi, amma mai gidan ya ce sai an biya shekara guda a dunƙule, kuma da dala.

Mahaifiyarmu hankalinta bai kwanta ba, ni kuma ni zan biya. Ta yaya ake gane unguwar da ta fi aminci ga baƙo? Wannan sharaɗin na shekara guda, a karɓa ko a ƙi? Sannan idan abu ya sake lalacewa, wace alama zai gani ya san lokacin fita ya yi, kuma ta ina zai bi? Allah ya saka da alheri.

Malam Takari

Wa alaikumus salam Abu Hanan. Zan ɗauki maganar unguwa da ta alamomi, ta haya in bar wa waɗanda suka fi ni sanin takarda.

Ka fara cire wa ranka cewa unguwa mai tsada ita ce mai aminci. Lokacin zaman lafiya haka ne, amma ranar da masu bindiga suka saɓa, lissafin juyewa yake yi. Buɗe taswirar Khartum ka gani. Filin jirgin sama a tsakiyar gari yake, a jikinsa hedikwatar sojoji take, fadar shugaban ƙasa kuma ga ta nan kusa a bakin kogi. Unguwannin da baƙi masu hali da ma'aikatan jakadanci suka fi kama haya, irin su Amarat da Khartum 2 da Riyad, duk zagaye suke da wannan filin. Da safiyar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi, nan na cikin wuraren da wuta ta fara tashi tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa ta Hemeti. Jiragen fasinja suka ƙone a inda suke ajiye, har da na kamfanin Saudiyya da ke shirin tashi. Wanda ya kwana da tikiti a aljihu ya wayi gari babu filin da zai tashi.

Saboda haka kafin a tambayi gida ɗaki nawa ne, a tambayi nisansa da bariki, filin jirgi, fadar gwamnati, gidan rediyo da talabijin, ma'ajiyar man fetur, tashar wutar lantarki, da kuma gada. Waɗannan ake fara kai wa hannu, ko a juyin mulki ko a yaƙi. Gada tana da nata bayanin. Babban birnin garuruwa uku ne, Khartum da Omdurman da Bahri, kogi ya raba su. Tun zamanin zanga-zanga jami'an tsaro kan toshe gadoji da kwantena a ranakun da aka sanar za a fito. In gidansu yana wannan tsallaken makaranta tana wancan, rana ɗaya za a raba shi da ɗayan biyun. Gida da makaranta da kasuwar da zai riƙa cefane su kasance ɓangare ɗaya na ruwa, inda ƙafa za ta iya kai shi.

A cikin gidan ma akwai abin dubawa. Kada su kama hawa na ƙarshe, kada kuma su shiga benen da ya fi na maƙwabta tsawo, domin irinsa masu harbi daga nesa suke hawa, kuma shi ɗaya ɓangaren yake mayar wa martani. A samu ɗaki ko lungu ɗaya da ba shi da taga ta bakin titi, wanda mutum huɗu za su iya kwanciya a ƙasa a cikinsa. A duba tankin ruwa, lita nawa yake ci, da me ake tura ruwan sama in babu wuta. A Bahri tashar tace ruwa ta tsaya tun kwanakin farko na yaƙin, mutane suka koma ɗibar ruwan Nilu da jarka a ƙarƙashin harbi. Wannan matsala ba ta wuce ba: a 2025 jirage marasa matuƙa sun riƙa kai hari tashoshin lantarki, wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, kwalara ta ɓarke a Khartum da Omdurman a watan Mayu. Ga kuma harsasai da rokoki da ba su fashe ba a tsakar gidaje da filayen makarantu. Gidan da ya daɗe a rufe, kada yaro ya shiga share shi da hannu yana ɗaga duk ƙarfen da ya gani.

Yanzu alamomi. Rikicin siyasa iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ya rutsa da mutane da yawa. Akwai na titi, irin wanda ya faro daga Atbara a Disamba 2018 kan kuɗin burodi, ya kai ga faɗuwar Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019, ya ci gaba bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021. Shi wannan yana da jadawali. Ana sanar da ranar fitowa da hanyar da za a bi. Baƙo ya yi cefane, ya kulle ƙofa, ya guji ɗaukar hoto, yawanci ya tsira da barkonon tsohuwa kawai. Babbar wahalarsa yanke intanet: bayan tarwatsa zaman dirshan na 3 ga Yuni 2019 an yi sama da wata babu, bayan juyin mulkin 2021 an yi sama da mako uku. Waɗanda suka zauna cikin waɗannan shekarun sun saba da cewa kwana uku a gida komai zai lafa, da wannan sabon suka tarbi Afrilu 2023, alhali wannan karon runduna biyu ce, kowace da manyan makamanta a cikin gari ɗaya.

Kuma alamun sun fito fili. An yi ta jayayya kan shekarun da za a ɗauka kafin a narkar da RSF cikin soja, sojoji suna cewa 2, su suna cewa 10. An ɗage sa hannu kan yarjejeniyar ƙarshe ta miƙa mulki ga farar hula sau biyu a farkon Afrilu. Motocin RSF suka nufi garin Marawi da ke arewacin ƙasar, ranar 13 ga wata rundunar soja ta fitar da sanarwar gargaɗi a bainar jama'a. Kwana biyu aka samu tsakanin sanarwar da harbin farko, kuma a kwana biyun nan jirage suna tashi. Ƙa'idar da zan ba ƙanenka ita ce: duk ranar da ɓangarori biyu masu makami suka fara zargin juna a rediyo, ko ya ga motocin yaƙin da bai saba gani ba sun yi sansani cikin unguwa, ko ofisoshin jakadanci suka fara sallamar iyalan ma'aikatansu, ba ranar shawara ba ce, ranar sayen tikiti ce.

Akwai kuma abin da ya shafe shi a matsayinsa na saurayi ɗan Afirka ta Yamma. An yi ta zargin cewa akwai sojojin haya daga ƙasashen Sahel a cikin RSF, wannan ya sa ana yi wa baƙi kallon tuhuma a shingayen bincike, har a Yuli 2024 hukumomin jihar Khartum suka ba baƙi wa'adin ficewa. Don haka kada ya taka ƙasar sai da biza da takardar makaranta mai hatimi da ke nuna an kira shi, ya yi iƙama, wato takardar izinin zama, da zarar ya isa, ya riƙa yawo da kwafinsu. A shinge ana karɓar waya a duba. Bidiyon yaƙi na kowane ɓangare, zaurukan WhatsApp na siyasa, hoton gada ko bariki, duk ya goge. Wando mai ɗigon soja da takalmin sojoji kada ma su shiga jakarsa. Hausawan Sudan, daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Kassala, mutanen kirki ne masu karɓar baƙo, harshe zai sama masa abinci da wurin kwana. Amma su 'yan ƙasa ne, shi ba ɗan ƙasa ba ne, kuma suna da nasu raunin tun rikicin jihar Blue Nile na 2022. Ya ci abincinsu, ya yi musu addu'a, bakinsa ya fita daga siyasarsu.

Maman Ihsan

Abu Hanan, kada ka biya shekara. Ko da rangwamen ya kai rabi, kada ka biya.

Mai gidan ba mugu ba ne, lissafi ya yi. Ya san unguwar ba ta cika ba, ya san gidan da babu kowa a ciki shi ake fasawa ko a mamaye, ya san ɗan haya baƙo shi ke fara tafiya in an ji ƙara. Da kuɗin shekara a hannunsa ya sami mai gadi, ya kuma ɗora muku dukkan hasarar da ka iya zuwa. Illar ba a kuɗin kaɗai ta tsaya ba. Yaron da ya san an biya masa wata goma sha biyu, ya ci uku, ba zai yarda ya fita a ranar da ya kamata ba. Zai ce bari a ga gobe, domin yana jin nauyin kuɗin yayansa. Hayar da aka biya gaba tana daga cikin manyan abubuwan da ke zaunar da mutum a inda ya kamata ya bari.

Mu yi misali da lamba mai sauƙi, ba farashin kasuwa nake faɗa ba. A ce gidan dala 300 ne a wata. Shekara 3,600 ke nan. In kun biya wata uku, 900 ta fita, 2,700 tana hannunku. Wannan ragowar ita ce kuɗin motar mutum huɗu zuwa iyaka da abincin hanya. In ya ce wata uku sai dai a 350, ku karɓa. Ƙarin 50 ɗin da kuke gani kamar asara, da shi kuka sayi 'yancin tafiya.

Ga yadda haya take yi in gari ya rikice, don ku san inda ƙarfinku yake. A inda ake faɗan, farashi faɗuwa yake yi warwas, mai gida yana neman wanda zai zauna ko da kyauta. A inda mutane suka gudu suka nufa kuma, ninkawa yake yi cikin makonni. Haka aka gani a Wad Madani da Atbara da Gadarif da Kassala, musamman Port Sudan bayan gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun tare a can, masu gidaje suka koma neman dala da watanni a gaba, wasu suka tashi tsofaffin 'yan haya don su sa masu biya da tsoka. Har Alƙahira abin ya taɓa, unguwanni irin su Faisal da Madinat Nasr haya ta tashi, ga kuma karyewar fam ɗin Masar a Maris 2024 daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala, ɗalibanmu na Azhar da ba ruwansu da yaƙin suka ji a jikinsu. Ma'ana a Khartum ta yau ku ne masu ƙarfin ciniki, a garin da za a gudu a je kuma ba ku da shi ko kaɗan. Kuɗin ya fi amfani a ajiye don can.

Kuma garin gudun ma ba tabbas ba ne. Wad Madani bai kai kilomita 200 daga Khartum ba, dubban ɗaruruwa suka koma can suka kama haya da tsada suna ganin sun tsira. A Disamba 2023 RSF ta shiga garin, aka sake gudu an bar kuɗin haya a baya, sojoji ba su dawo da shi ba sai Janairu 2025. Port Sudan da aka ɗauka ta fi ƙarfin yaƙin, a Mayu 2025 jirage marasa matuƙa suka kai mata hari kwanaki a jere, har filin jirgi da ma'ajiyar mai. Ko'ina ne, wata uku ne iyaka.

A takardar yarjejeniya a rubuta waɗannan da Larabci, a gaban lauya da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi, kai ma a turo maka hotonta. Na farko, ɗan haya yana da ikon fita da sanarwar wata ɗaya, kuma saƙon waya ya wadatar a matsayin sanarwa. Na biyu, in faɗa ko umarnin hukuma ko rufe makaranta ya hana zama, haya ta tsaya daga ranar da aka fita, a mayar da ragowar. Wannan ba baƙon sharaɗi ba ne ga Musulmi, malaman fiƙihu sun yi bayani cewa haya a kan amfani ake biyanta, in tsoro na gama-gari ya hana amfanin, mai haya yana da zaɓin warwarewa. Na uku, a faɗi kuɗin da za a mayar da shi. In kun biya da dala a rubuta dala. Kafin yaƙin dala tana wajen fam ɗin Sudan 600, a 2024 ta haura 2,000, wanda ya ba da dala aka mayar masa da fam a tsohon lissafi bai karɓi ko kashi ɗaya cikin uku ba. Na huɗu, ɓarnar harsashi ko fashi ba ta kan ɗan haya. A ɗauki bidiyon kowane ɗaki ranar shiga, bango da taga da wayoyin wuta, domin gidaje da yawa an yashe wayoyinsu na tagulla, kada a wayi gari a ce yaranku ne.

Sai babbar tambaya: wanda zai karɓi kuɗin, shi ne mai gidan? Masu gidaje da yawa suna Masar ko ƙasashen Larabawa na Gulf. A nemi takardar mallaka, in wakili ne a ga takardar wakilci, a yi kiran bidiyo da mai gidan kansa, a tambayi maƙwabta da limamin masallacin unguwa. Duk da haka ku sani takarda ba ta aiki sai kotu na zaune. Shi ya sa kariya ta gaskiya ita ce ƙarancin abin da kuka bari a hannun wani.

Abu Hanan

Malam Takari, Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Maganar wata uku ta shige ni. Sai dai ƙanen nawa hujjarsa kullum ita ce in abu ya ɓaci ai gwamnati za ta sake turo motoci kamar wancan karon. Yaya kuke ganin wannan?

Baba Mai Ritaya

Ɗana Abu Hanan, ka ce masa ya ƙirga kwanakin da kansa, tunda yana ciki. An fara faɗa 15 ga Afrilu. Motocin farko na 'yan Najeriya sun bar Khartum 26 ga wata, kwana goma sha ɗaya ke nan. Gwamnati ta ce ta yi hayar bas 40 a kan dala miliyan 1.2. A hanya wasu direbobi suka tsaya cikin sahara kan batun biyan kuɗi, a iyakar Masar kuma aka yi kwanaki ana jiran izinin shiga. Jirgin farko bai sauka Abuja ba sai daren 3 ga Mayu. Daga baya aka karkata ta Port Sudan, a ƙarshe aka dawo da mutum sama da 2,500. An yi ƙoƙari, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Amma wancan karon ɗalibai dubbai ne, duniya duka tana kallo. Mutum huɗu da suka koma da ƙafarsu ƙasar da yaƙinta bai ƙare ba, kada su sa ran za a tayar musu da jirgi. Amurka ma da jirage masu saukar ungulu ta fara ɗauke ma'aikatan jakadancinta, sauran 'yan ƙasarta suka jira ayarin motoci. Faransa da Jamus da Birtaniya sun yi amfani da sansanin Wadi Sayyidna a arewacin Omdurman, kuma kowa sai da ya kai kansa can.

To shirin mako biyu a gida, da shirin fita da kai, su ne nasa. Na gida: ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a rana a irin zafin Khartum da ke haura digiri 40, mutum huɗu a kwana 14 lita 224 ke nan, jarka mai lita 20 guda goma sha ɗaya da ɗoriya, ban da na girki da tsarki. Abincin da ba ya son firji: shinkafa, taliya, wake, garin kwaki, dabino, kifin gwangwani, sukari, gishirin haɗa ruwan zawo. Tukunyar gas a cike da gawayi a gefe. Ƙaramar sola ta cajin waya, da rediyo mai batir don ranar da intanet ta ɗauke. Mai shan magani kullum ya ajiye na wata biyu.

Fasfo kada ya rage ƙasa da shekara a kansa, kuma kada ya kwana a hannun kowa, ko makaranta ko wakili ko mai gida. A 2023 mutane da yawa sun maƙale saboda fasfonsu yana ofisoshin jakadancin da suka nemi biza, ma'aikatan suka tafi, ofishin Amurka ma lalata waɗanda ke hannunsa ya yi kafin ya rufe. In dole a miƙa shi don iƙama, a bi shi kullum har ya dawo, kuma da an ga gari ya fara canzawa a je a karɓo ko aikin bai ƙare ba. Katin rigakafin ciwon shawara ya zauna cikin fasfon. Hotunan fasfo guda shida, domin in ya ɓata, takardar tafiya ta gaggawa da ofishin jakadancinmu ke bayarwa tana buƙatar hoto da shaidar zama ɗan ƙasa. Ya rubuta sunansa a ofishin jakadanci da ƙungiyar ɗalibai, da waɗannan jerin sunayen ake cika mota. Sakamakon jarrabawa kuma ya riƙa karɓarsa da hatimi duk ƙarshen zango yana turo maka. Ɗaliban da suka dawo hannu wofi sun sha wahalar samun gurbi a jami'o'in gida saboda ba su da abin nunawa.

Kuɗi a kasa shi uku. Dala a hannu, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, 'yan canji suna ƙin tsofaffi, kuma a haɗa da ƙananan 10 da 20 don ba mai ba ka canjin 100 a bakin iyaka. Fam na cefanen mako biyu kawai, kada a tara, ga faɗuwar daraja ga kuma canjin takardun 500 da 1,000 da aka yi a Disamba 2024, wanda ya bar masu tsofaffi da takarda. Na uku a manhajar banki irin Bankak, wadda ita ta riƙe mutane da bankuna suka rufe. Ita ma tana da ranar mutuwarta: a Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duk suka ɗauke, mai kuɗi a waya ya rasa na burodi. Kada a haɗa kuɗin wuri ɗaya a jiki, a shinge ana lalube.

Hanya kuwa ya san guda biyu tun kafin ya buƙace su. Gabas zuwa Port Sudan, sama da kilomita 800, daga nan jirgin sama, ko na ruwa zuwa Jidda ga mai biza. Arewa zuwa Argin ko Wadi Halfa a shiga Masar ta Aswan, kusan kilomita 1,000, kuma babu shiga sai da izini, don haka bizar Masar tun ana zaman lafiya ake nemanta. Akwai ta Gadarif zuwa Gallabat a shiga Habasha ta Metema, sai dai yankin Amhara yana da nasa rikicin. Ta yamma, Kordofan da Darfur zuwa Chadi, ko a taswira ta fi kusa da gida kada ya kuskura. Kuɗin bas zuwa iyakar Masar a makonnin farko daga dala gommai ya koma ɗaruruwa. Jaka ɗaya ta goyo, a tashi da asuba, a zauna da mutanen da aka sani. Ku kuma yanke tun yanzu cewa in kwana uku suka wuce babu waya, ina zai nufa, wa zai nema a can.

Ɗan Zongon Yamai

Ina tare da dattawa, amma in ƙara wani gefe don kada mai karatu ya ɗauka kowane juyin mulki gudu ake yi. A Yamai an kifar da Bazoum 26 ga Yuli 2023, ba a yi yaƙi a gari ba. Waɗanda aka nufa da fushi Faransawa ne, an yi zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancinsu 30 ga wata, daga 1 ga Agusta suka kwashe mutum sama da dubu. Sauran baƙi abin da ya same su daban ne: ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), ta sa takunkumi, iyakoki suka rufe, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ta dogara da ita, aka rufe sararin sama daga 6 ga Agusta zuwa farkon Satumba, cire kuɗi a banki ya yi wuya, shinkafa da magani suka yi tsada. Iyakar Najeriya ba ta buɗe ba sai Maris 2024. Ɗan kasuwar da ya rufe shago ya karyar da kaya ya gudu a makon farko ya yi asarar da wanda ya zauna bai yi ba. Manyan gidajen da Turawa da ƙungiyoyi ke haya su suka rasa masu shiga, ɗakin talaka bai sauko ba.

Abin da baƙo zai tambayi kansa shi ne: ƙasata wane ɓangare ake ganin ta tsaya? Lokacin da ake maganar tura sojoji Nijar kuma shugaban Najeriya ne ke jagorantar ƙungiyar, ɗan Najeriya a Yamai ya wayi gari fasfonsa ya yi nauyi, ko da yake zumunci da harshe ɗaya sun sanyaya abin. Matsayin gwamnatinku kan rikicin ƙasar da kake zaune yana iya canza lafiyarka cikin dare ɗaya, don haka labaran gida ma a riƙa saurare.

Malam Takari

Gaskiya ne ɗan'uwa, Yamai runduna ɗaya ce ta haɗa kai, shi ya sa zama ya yiwu. Sudan har yanzu biyu ne, kuma jirgi maras matuƙi ba ya tambayar nisan fagen daga. Abu Hanan, ra'ayina kada ya tafi sai makarantar ta rubuto cewa darasi ido da ido ya fara a wannan harabar, da ranar jarrabawa, sannan ya yi magana da ɗalibi baƙo wanda yake can yanzu, ba dillali ba. Ku tambaya kuma ko za a iya ƙarasa ragowar ta intanet ko a wata cibiya a wani gari, jami'o'in Sudan da dama sun yi haka tun da yaƙin ya fara. In akwai wannan, babu dalilin kama gida a Khartum.

Maman Ihsan

Ƙari ɗaya kan takardar, tunda su huɗu ne. Kada sunan ƙanenka kaɗai ya hau a matsayin mai haya. A rubuta sunayen duka huɗun, kowa da kasonsa, a kuma rubuta cewa fitar ɗaya ba ta ɗora kasonsa a kan sauran. In ba haka ba, ranar da iyayen biyu suka kira 'ya'yansu gida, mai gida wanda ya sa hannu zai riƙe, kuma abin da ya fi saurin nema a matsayin jingina shi ne fasfo.